Wasan Sarƙa: Yadda Za Ka Yi wa Ɗalibai Bitar Kalmomin Ma'adanar Kwamfuta a Aji

Tun ranar da na ambaci cewa da wasa nake yi wa ɗalibaina bitar kalmomin ma'adanar kwamfuta, 'yan'uwa malamai suke ta tambayata yadda abin yake: kati nawa ake yankawa, me ake rubutawa a kai, yaya ake yi da aji mai cunkoso. Ga amsar baki ɗaya.

Wasan kansa ba shi da wuya. Kowane ɗalibi yana riƙe da kati mai gida biyu. A sama akwai kalma, a ƙasa akwai tambaya wadda amsarta ke hannun wani. Ɗaya ya karanta tambayarsa, mai amsar ya miƙe ya ce “Ina da RAM” (wato ma'adanar wucin gadi ta cikin kwamfuta), sannan ya karanta tasa tambayar, wani ya miƙe. Haka za a yi ta tafiya har zancen ya dawo kan wanda ya fara, kamar sarƙar da aka haɗa bakinta. Inda aikin yake shi ne wajen rubuta katunan, kuma can zan fi daɗewa, domin tambaya ɗaya mai harshen damo ta isa ta wargaza darasin gaba ɗaya.

1. Tara kayan aiki

Kana buƙatar kwali mai ɗan kauri, almakashi, rula, maka kala biyu, robar ɗaure katuna, ambulan, da agogon da ke ƙidaya daƙiƙa, na waya ma ya wadatar. Idan ka raba kwali mai girman takardar A4 gida takwas, za ka sami katuna masu kimanin santimita 7 da rabi a faɗi, 10 da rabi a tsawo. Kwali huɗu ke nan zai ba ka kati 32. Bayan tsohuwar kalanda ma yana aiki, don haka kuɗin da za ka kashe bai taka kara ya karya ba. Abin da wasan zai ci maka shi ne lokaci: ka ware awa biyu a karon farko, mafi yawansu kuwa a kan rubutu za su tafi.

Idan za ka iya samun kayan da kansu, ka zo da su: tsohuwar sandar RAM, faifan CD, filasha, memorin waya, da mataccen HDD (ma'adanar kwamfuta mai faifai mai juyawa a ciki) da aka buɗe cikinsa. Gani ya kori ji. Yaron da ya taɓa ganin faifan nan mai ƙyalli da ɗan hannun da ke shawagi a kansa ba zai sake rikita HDD da SSD, ma'adanar da babu abin da ke motsi a cikinta, ba.

Hattara: akwai maganaɗisu mai ƙarfin gaske a cikin HDD, yana iya matse yatsa. Faifan wasu ƙananan HDD kuma na gilashi ne, yana tarwatsewa idan aka lanƙwasa. Ka riƙe shi a hannunka ka zaga da shi, kada ka bari ya yi ta yawo tsakanin yara.

2. Zaɓi kalmomin

Ka ɗauko kalma 24 zuwa 30 daga abin da ka riga ka koyar. Wannan wasan bita ne. Kalmar da ba a taɓa ji a aji ba, ba ta da gurbi a cikinsa, in ba haka ba sai yara su koma canka.

Ka tsinto daga kowane dangi. Dangin awo: bit, nibul, bayit, kilobayit, megabayit, gigabayit, terabayit, fetabayit. Ma'adanar ciki: RAM da ROM. Masu aiki da maganaɗisu: HDD, tef da fulofi. Masu aiki da hasken leza: CD, DVD da Blu-ray. Waɗanda babu abin da ke motsi a cikinsu: SSD, filasha da memori. Sai sauran kalmomi irin su ajiyar gajimare, ajiyar ko-ta-kwana, matse fayil da fomatin.

Ka rubuta kowace kalma a kan kati yadda ɗalibi zai tarar da ita a takardar jarrabawa, da harshen da za a yi jarrabawar. Bayanin da ke ƙasa kuwa kana iya yin sa da harshen da suka fi ganewa.

3. Rubuta tambayoyin

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da wannan mataki: kowace tambaya, amsarta ɗaya tak a cikin katunan da ke ajin.

A karon farko da na gwada wasan, na rubuta: “Wa ke da ma'adanar da ba ta mantuwa idan wuta ta ɗauke?” ROM nake nufi. Sai ga mutum biyar tsaye: mai ROM, mai HDD, mai SSD, mai CD da mai filasha, kowa yana ɗaga katinsa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Tambayar ce ta yi faɗi. Gyaran da na yi shi ne: “Wa ke da ma'adanar ciki da ke riƙe da umarnin farko na tayar da kwamfuta, wadda ba ta gogewa idan an kashe na'urar?” Daga nan mutum ɗaya ne ke miƙewa.

Dabarar ita ce ka nemo siffar da ta raba kalmar da 'yar'uwarta mafi kusa. Ga irin waɗanda nake amfani da su:

Wa ke da awo mafi ƙanƙanta, wanda ko dai 0 ne ko 1? Amsa: bit.

Wa ke da rabin bayit? Amsa: nibul, bit 4.

Wa ke da awon da ke iya ɗaukar siffa 256 daban-daban? Amsa: bayit, domin bit 8 ne, kuma 2 sau 2 har sau takwas 256 ne.

Wa ke da ma'adanar da ke riƙe da aikin da kake kai yanzu, wadda ke wofinta da zarar an kashe kwamfuta? Amsa: RAM.

Wa ke da faifan da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, yana ajiya da maganaɗisu? Amsa: HDD.

Wa ke da faifan haske mai cin megabayit 700? Amsa: CD. Mai cin gigabayit 4.7 a shimfiɗa ɗaya, DVD. Mai cin gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya, Blu-ray.

Wa ke da ma'adanar da dole sai an bi ta daga farko a jere kafin a isa inda ake nema? Amsa: tef.

Wa ke da tsohuwar ma'adana mai cin megabayit 1.44? Amsa: fulofi.

Wa ke da ajiyar da ke kan kwamfutocin wani kamfani a nesa, wadda sai da intanet ake kai gare ta? Amsa: ajiyar gajimare.

Kada ka kwafo ma'anar littafi kalma da kalma. Yaron da ya yi haddar aku zai ji kalma biyu na farko ya zabura ya miƙe, bai fahimci komai ba. Ka juya jimlar, ka sa misali, ka sa ɗan lissafi. Tambaya biyar ko shida su kasance masu sa mutum ya tsaya ya ƙirga, kamar wannan: “Wa ke da awon da za a samu idan aka tara megabayit 500 sau biyu?”

Hattara ta farko, kuma ita ce babba: batun 1,000 da 1,024. Wasu littattafai suna cewa kilobayit bayit 1,000 ne, wasu su ce 1,024. Kowanne da dalilinsa. Kilo a awon duniya dubu ne cif, amma kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, kuma 2 sau 2 har sau goma 1,024 ne. A shekarar 1998 hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta ware wa na 1,024 sunayensa, wato kibibayit, mebibayit da gibibayit, masu alamar KiB, MiB da GiB. Kafin ka rubuta kati ko ɗaya, ka duba wanda manhajar karatunku ta ɗauka, ka tsaya a kansa daga katin farko har na ƙarshe. Cakuɗa su biyun a wasa ɗaya zalunci ne ga ɗalibi. Amma ka gaya musu cewa ɗayan ma yana nan, domin wata rana ɗayansu zai jona HDD da aka rubuta 1 TB (terabayit ɗaya) a jikinsa, Windows ta nuna masa kimanin 931 GB (gigabayit), ya ɗauka an cuce shi. Ba a cire masa komai ba: kamfanin da dubu ya ƙirga, Windows kuma da 1,024.

Hattara ta biyu: ƙaramin b da babban B. Ƙaramin na bit ne, babban na bayit. Layin intanet mai gudun 40 Mbps, megabit 40 yake kawowa a daƙiƙa, wato megabayit 5, saboda ana rabawa da 8. Idan kana rubuta alamomin a kan kati da maka, ka fito da bambancin sosai. Ni nakan ja layi a ƙarƙashin babban B.

Ta uku kuwa ta shafe mu kai tsaye. An saba cewa “bayit ɗaya harafi ɗaya ne”. Hakan gaskiya ne ga haruffa irin su a, b, g, amma a tsarin UTF-8 da yawancin rubutun intanet ke bi, ƙ da ɗ da ɓ bayit bibbiyu suke ci. Kalmar “gida” harafi huɗu, bayit huɗu. Kalmar “ƙofa” harafi huɗu, bayit biyar. Don haka kada ka rubuta wa katin bayit tambayar “awon harafi ɗaya” kawai. Ɗalibai suna jin daɗin wannan misali ƙwarai, domin harshensu ne suka gani a cikin lissafin kwamfuta, kuma ban taɓa faɗinsa a aji an manta ba.

4. Ɗinke sarƙar a takarda tukuna

Kada ka taɓa kwali sai ka gama wannan. Ka ja layi a tsakiyar takarda. A hagu ka jera kalmomin daga 1 zuwa 30, a cakuɗe. A dama, gaban kowace kalma, ka rubuta tambayar da amsarta ita ce kalmar da ke layi na gaba. Gaban kalma ta 1, tambayar kalma ta 2. Gaban ta 2, tambayar ta 3. Gaban ta ƙarshe kuma, tambayar kalma ta 1. Nan ne bakin sarƙar ya haɗu.

Sannan ka ɗauki kowace tambaya ka gwada ta a kan dukan kalmomin da ke hagu, ɗaya bayan ɗaya. Da ka ga kalma biyu za su iya amsa ta, ka gyara. Aiki ne mai gundura, amma shi ne ke hana abin da ya same ni da ROM.

Hattara: kada ka jera kalmomin bisa tsarin da aka koya, wato bit, nibul, bayit, kilobayit. Yara za su gano zaren cikin minti ɗaya, mai megabayit ya daina sauraro, yana jiran mai kilobayit ya zauna kawai. Ka raba 'yan dangi ɗaya nesa da juna.

Wannan takarda ita ce makullinka. Ka adana ta, ka kuma ɗauki hotonta.

5. Yanka katunan ka rubuta

Kalma a sama da manyan baƙaƙe, da maka kala ɗaya, bayan “Ina da”. Tambaya a ƙasa da ɗaya kalar, bayan “Wa ke da”. Layi ɗaya na takardar makulli, kati ɗaya.

Kada ka sa lambar jeri a kan katin, ko gaba ko baya, don mai lamba 12 zai san shi ke bin mai 11. Idan kana son alamar da za ka gane katin da ya ɓace, ka sa wa kowanne haruffa biyu da ba su bin wani tsari, ka rubuta irinsu a takardar makulli.

6. Raba katuna ka yi bayani

Ka cakuɗa katunan sosai, ka ba kowa nasa. Dole ne kowane kati ya kasance a hannun wani, domin ɗaya ya rage a aljihunka, sarƙar ta tsinke a nan. Idan katuna sun fi ɗalibai yawa, ka ƙara wa masu ƙoƙari na biyu. Idan ɗalibai sun fi katuna da kaɗan, mutum biyu su haɗu a kan kati ɗaya, ɗaya ya faɗi amsa, ɗaya ya karanta tambaya.

Ka ba su minti biyu shiru, kowa ya karanta katinsa ya tuna abin da ya sani game da kalmarsa. Wanda bai iya furta wata kalma a tambayarsa ba, yanzu ne zai ɗaga hannu.

Dokoki uku ka rubuta a allo: mai magana ya miƙe ya ɗaga murya, ba a faɗa wa wani amsa, ba a yi wa wanda ya kuskure dariya. Ta ukun nan ka riƙe ta da gaske. Yarinyar da aka yi wa dariya sau ɗaya, ko ta san amsa, sai ta danne katinta a cinya ta sunkuyar da kai har a tashi.

7. Zagayen farko, a tsanake

Ba agogo a wannan zagaye. Ka zaɓi ɗalibi ɗaya ya fara da tambayar da ke ƙasan katinsa, kai kuma kana bi da yatsa a takardar makulli.

Sarƙar za ta tsinke, kuma abin da ake so ke nan. Hanya biyu take tsinkewa. Ko dai aji ya yi tsit babu wanda ya miƙe, ko kuma wanda ba shi ba ya miƙe.

Idan aka yi tsit, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka ce uffan. Shirun yana da nauyi, na sani, amma a cikinsa ne mai katin ke tunani. Bayan goma, mai tambaya ya maimaita. Idan har yanzu shiru, ka tambayi aji gaba ɗaya dangin da amsar take ciki: awo ce, ko faifai, ko ma'adanar ciki? Galibi a nan za ka ga wani ya dubi katinsa, ya sake dubawa, ya miƙe a hankali.

Idan wanda ba shi ba ne ya miƙe, kada ka ce masa “a'a” ka wuce. Ka ce: “Malam, gaya mana abin da ya sa ka ga kai ne.” Wani yaro mai katin memori ya taɓa miƙewa a kan tambayar RAM, da na tambaye shi sai ya ce ai duka biyun memori ake ce musu. Ashe rabin ajin haka suka ɗauka, ba wanda ya taɓa furtawa. Muka tsaya minti uku: na ɗaga sandar RAM a hannun dama, ɗan memorin waya a hagu, na tambaye su wanne ne hotunansu ke kwana a ciki idan waya ta mutu. Ruɗanin da ya yi wata guda a kansu, a nan ya warware.

Duk inda sarƙa ta tsinke, ka sa ɗigo a gefen kalmar a takardarka. Malamai da yawa suna tsallake wannan, su fita aji da murnar an yi wasa, ba su san kalmar da ta gagari yara ba.

8. Zagaye na biyu, da agogo

Yanzu ka karɓi katunan, ka sake cakuɗawa, ka sake rabawa. Idan kowa ya ci gaba da riƙe katinsa na farko, abin da zai koya shi ne muryar wanda ke gabansa, kalma ɗaya kuma ita kaɗai zai tafi da ita gida.

Ka kunna agogo, ka rubuta lokacin da suka ɗauka a allo. A yi na uku idan lokaci ya ba da dama, a ga ko za su rage. Ajin da kansa yake tsere, don haka mai ƙoƙari yana da dalilin son mai rauni ya gane. Duk wanda ya raɗa wa wani amsa, a ƙara wa aji daƙiƙa 10.

Hattara: agogo yana sa yara sauri har su riƙa haɗiye kalmomi. Tambayar da na baya ba su ji ba, a maimaita ta, agogo kuma yana tafiya.

9. Layin girma

Idan minti biyar sun rage, ka kira masu katunan awo su takwas gaban allo, su jera kansu daga ƙarami zuwa babba ba tare da magana ba, sauran aji su duba ko sun yi daidai. Sannan ka kira mai fulofi, mai CD, mai DVD da mai Blu-ray, kowa ya je ya tsaya tsakanin awon da suka dace da shi. Mai CD zai tsaya tsakanin megabayit da gigabayit, mai DVD kuma sai ya wuce gigabayit. Ka tambaye su CD nawa za su shiga DVD ɗaya. Su raba 4,700 da 700, su ga shida ne da ɗori. Fulofi nawa ne a CD ɗaya? Sun haura 480. Yaran da ba su taɓa riƙe fulofi ba sukan buɗe baki idan suka ji hoto ɗaya na wayar zamani ma ya kan fi ƙarfinsa.

10. Aji mai cunkoso, da abin da za ka yi bayan an tashi

Idan ɗalibanka sun kai 60 ko fiye, sarƙa ɗaya ba za ta yi ba, don wanda ya riga ya amsa zai zauna zaman banza, hayaniya ta tashi. Ka yi katuna kashi biyu ko uku masu rubutu iri ɗaya, kowane kashi da kalar kwalinsa don kada su cakuɗe. Ka raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da alƙalinsa daga cikin ɗalibai, riƙe da kwafin takardar makulli, shi ma yana sa ɗigo inda aka tsinke. Kai kuma kana zagayawa.

Kafin kowa ya fita, ka ƙirga katunan a gabansu. Ɗaya ya bi wani gida a cikin littafi, wasan mako mai zuwa ya lalace. Ka ɗaure kowane kashi da robarsa, ka sa a ambulan tare da makullinsa.

Da yamma ka duba ɗigogin nan. Kalmar da ta sami ɗigo a zagaye ɗaya kawai, mai yiwuwa ɗalibin da ya riƙe ta ne bai gane ba. Wadda ta sami ɗigo a kowane zagaye, a hannun mutane daban-daban, ko dai tambayarka ce ba ta fita ba, ko kuma darasin ne bai shiga ba tun farko. Ka sake karanta tambayar da idon ɗalibi. Idan lafiyarta ƙalau, ka buɗe darasi na gaba da waɗannan kalmomi uku ko huɗu, sannan bayan mako biyu ka dawo da wasan, kalmomin na nan yadda suke, amma ka sauya wa masu ɗigon tambaya.